Takobi, Tabarma da Ƙafa Ɗaya: Yadda Ake Koya wa Matashi Bugun Besbol

Ranar 1 ga Yulin 1962, a filin wasa na Kawasaki da ke kusa da Tokyo, 'yan kallo suka ga abin da ba su saba gani ba. Wani matashi ɗan shekara 22 daga ƙungiyar Yomiuri Giants ya fito riƙe da kulkinsa ya fuskanci mai jifa. Mai jifan na fara yunƙurawa, sai matashin ya ɗage ƙafarsa ta dama, ya tsaya cak a kan ta hagu kamar zalɓe a bakin tafki. Da ƙwallo ta iso ya sauke ƙafar ya kai mata sara. Sau uku ya sami bugu mai kyau a ranar, ɗaya daga ciki ya tsallake katangar filin.

Sunan matashin Sadaharu Oh. Kafin wannan rana yana cikin 'yan wasan da aka ɗora wa buri suka kasa cika shi. A kakarsa ta farko, a 1959, sau 26 a jere ya fito bai sami bugu ko ɗaya ba. Da yake sunansa na nufin sarki a harshen Japananci, 'yan kallo suka riƙa yi masa shaguɓe da sarkin saran iska. Amma lokacin da ya ajiye kulki a 1980, ya tura ƙwallo bayan katanga sau 868, adadin da har yau babu wani ƙwararren ɗan wasa da ya kamo. Abin da ya faru tsakanin 1959 da 1980 shi ne aikin wani koci mai suna Hiroshi Arakawa, kuma labarinsu ya ƙunshi kusan duk abin da masu horar da yara ke muhawara a kai har gobe.

Abin da ya sa bugun ke da wuya

Ga wanda bai san besbol ba, zuciyar wasan fito-na-fito ce tsakanin mutum biyu. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, mita 18.44 daga mai bugu. A hannunsa akwai ƙwallo mai tauri, girmanta kamar lemon zaƙi, nauyinta kusan giram 145. Shi kuma mai bugu yana riƙe da kulkin katako wanda kaurinsa bai kai santimita 7 ba. Idan ya kuskure jifa mai kyau sau uku ya fita. Idan kuwa ya tura ƙwallon ta tsallake katangar da ke ƙarshen fili, wannan shi ne hom-ron, bugun da ya fi kowane daraja.

Ƙwararren mai jifa yana iya sako ƙwallo da gudun kilomita 150 a awa. A wannan gudu, cikin kashi 4 bisa 10 na daƙiƙa ta iso. Saran kansa yana cin kusan kashi 15 bisa 100 na daƙiƙa, don haka dole mai bugu ya yanke shawara tun ƙwallo tana wajen rabin hanya. Haɗuwar kulki da ƙwallo ba ta kai kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ba. Ga shi kuma ƙwallon ba lallai ta zo a miƙe ba. Wata takan karkace, wata ta nutse a gaban mutum, wata ta zo a sanyaye alhali hannun mai jifa ya nuna kamar da ƙarfi ya sako ta.

Shi ya sa a wannan wasa wanda ya yi nasara sau uku cikin goma gwani ne. Mutum na ƙarshe da ya kai huɗu cikin goma a kaka guda a babbar gasar Amurka shi ne Ted Williams na Boston Red Sox, tun a 1941. Ko idon ɗan Adam ma ba ya iya raka ƙwallon har ƙarshe. A 1984 wasu masu bincike a Amurka, Terry Bahill da Tom LaRitz, sun auna motsin idon masu bugu, suka gano cewa hatta ƙwararren ɗan wasa ƙwallo takan kuɓuce wa idonsa saura kusan mita ɗaya da rabi ta iso. Sauran tafiyar da hasashe ake cike ta.

Daga ƙasa ƙarfi ke tasowa

Yaron da aka miƙa wa kulki a karon farko da hannu yake sara, domin a hannunsa kulkin yake. Aikin farko na koci shi ne ya fahimtar da jikin yaron cewa hannu ɗan rakiya ne. Duk wanda ya taɓa faskaren itace ko ya kalli ɗan dambe yana kai naushi ya san wannan: ƙarfi daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu, sannan ya fita ta hannu.

Masu horarwa sukan kasa saran gida-gida. Da farko akwai tsayuwa: ƙafafu a ware fiye da faɗin kafaɗa kaɗan, gwiwoyi a ɗan tanƙwashe, idanu biyu suna kallon mai jifa. Kulki a gindin yatsu ake riƙe shi, ba a damƙe shi cikin tafi, don wuyan hannu ya sami sakewa. Sai ɗaukar nauyi, inda mai bugu ke mayar da nauyinsa kan ƙafar baya yayin da mai jifa ke shiri. Sai taku, gajere, da ƙafar gaba, hannuwa kuma suna nan a baya ba su biyo ba. A wannan ɗan lokaci jiki ya zama kamar danƙon da aka ja. Ƙafar gaba na dira sai ƙugu ya fara juyawa, kafaɗu su biyo, hannuwa su biyo kafaɗu, kan kulki ya zo a ƙarshe kamar bakin bulala. Kai kuwa ba ya motsi, domin idan kai ya girgiza ƙwallo ma ta girgiza a ido.

A kan wannan jeri kusan kowa ya yarda. Inda aka rabu shi ne hanyar da kulki zai bi. Shekaru da yawa ana gaya wa yara su sara ƙasa, kamar mai saran kututture. Ted Williams ya ƙi wannan magana. A littafinsa The Science of Hitting, wanda ya fito a farkon shekarun 1970, ya yi bayanin cewa tunda mai jifa a kan tudu yake, ƙwallo gangarowa take yi, saboda haka kulki ya kamata ya ɗan hau sama kaɗan don ya daɗe a kan layinta. Shi kuma Charley Lau, kocin bugu na Kansas City Royals, ya fi mayar da hankali kan tafiyar nauyi daga ƙafar baya zuwa ta gaba da miƙe hannu sosai bayan bugu. Almajirinsa George Brett ya sami nasara sau 390 cikin dubu a 1980. Arakawa kuma, can a Japan, saran ƙasa ya koyar, kuma da shi ya fitar da sarkin hom-ron.

Yaya koyarwa uku masu saɓani suka haifar da gwanaye uku? Amsar da masu horarwa na yau ke bayarwa ita ce, abin da ɗan wasa ke ji a jikinsa daban, abin da kyamara ke nunawa daban. Yaron da kafaɗarsa ta baya ke zubewa, idan aka ce ya sara ƙasa, saransa yakan dawo daidai. Wanda kuma tun asali yake saran ƙasa, wannan umarni ƙara lalata shi zai yi. Kalmar koci magani ce, kuma sai an san ciwon ake ba da ita.

Makarantar Arakawa

Arakawa ya fara ganin Oh ne tun a 1954. A lokacin shi ɗan wasa ne a ƙungiyar Mainichi Orions, ya fito yawo da karensa kusa da kogin Sumida a Tokyo, sai ya tarar da yara suna wasa. Ya lura da wani ɗan shekara 14 da ke jifa da hagu amma yana bugu ta dama. Ya ba shi shawara ya gwada ta hagu. Yaron ya gwada, nan take ya sami bugu mai nisa.

Bayan shekara takwas suka sake haɗuwa, Arakawa a matsayin kocin bugu na Giants. Ciwon Oh bai ɓuya masa ba. Idan ƙwallo ta taso, sai Oh ya sake jan hannuwansa baya kafin ya kai sara, wannan ɗan motsi kuma yana sa shi makara. Faɗa da baki bai yi magani ba, domin hannun ya riga ya saba. Sai Arakawa ya nemi yanayin da zai hana jikin yin kuskuren ko da ya so. Mutumin da ke tsaye a kan ƙafa ɗaya dole ya gama shirinsa da wuri, kuma idan ya yi wani motsin banza zai tangaɗa. Tsayuwar zalɓen daga nan ta samo asali. Atisaye ce ta gyaran aibi guda, wadda daga baya ta zama salon wasansa baki ɗaya.

Wurin horon ɗaki ne a gidan Arakawa, mai shimfiɗe da tabarmar tatami. Kafin wasa da bayan wasa Oh yana can yana saran iska, abin da Japanawa ke kira suburi, har tabarmar ta riƙa yagewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Arakawa ya yi karatun aikido a wajen Morihei Ueshiba, wanda ya kafa wannan fanni na kokawa, kuma daga can ya ɗauko tunanin tattara nauyin jiki a ƙasan cibiya da jiran abokin karawa ya shigo da kansa. Akwai kuma atisayen da ya fi shahara: a rataye siririyar takarda da zare daga rufin ɗaki, a ba Oh takobi na gaske ya yanke ta. Idan ya sa ƙarfin hannu, iskar takobin ce za ta kore takardar. Sai saran ya fito daga ƙugu, a miƙe, ba tare da ɓata motsi ba, sannan takarda ke rabuwa biyu. Koci bai buƙatar cewa uffan. Takardar da kanta take ba da sakamako.

A kakar 1962 Oh ya buga hom-ron 38, bayan 13 kacal a shekarar da ta gabata. A 1964 ya buga 55. Shekara 13 a jere babu wanda ya fi shi a gasarsu. Ranar 3 ga Satumban 1977 ya buga na 756, ya wuce adadin Hank Aaron na Amurka.

Wannan al'ada ta saran iska ba ta tsaya a kansa ba. Shigeo Nagashima, abokin wasan Oh wanda daga baya ya jagoranci Giants, ya yi shekaru yana keɓewa da matashi Hideki Matsui a ɗaki, yana sauraron ƙarar da kulki ke yi idan ya keta iska. Daga sautin yake gane sara mai kyau. Matsui ya zama gwarzon wasannin ƙarshe na gasar Amurka a 2009 tare da New York Yankees.

Kowane atisaye da ciwonsa

A filayen yara na Amurka da Japan da ƙasashen Karibiyan, atisayen da aka fi yi ba su da yawa, kuma kayansu ba tsada.

Na farko shi ne turke: sandar roba a tsaye, a ɗora ƙwallo a kanta, yaro ya buga cikin raga. A Amurka da shi yara 'yan shekara huɗu zuwa shida ke fara wasan. Tunda ƙwallo ba ta motsi, hankali duka yana kan jiki. Ana matsar da turken gaba ko baya, sama ko ƙasa, don yaro ya gane cewa ƙwallon da ta zo kusa da jiki a gaba ake tarar ta, wadda ta zo nesa kuma a bar ta ta ƙara shigowa. Manya ma ba su raina shi ba. Tony Gwynn na San Diego Padres, wanda ya zama zakaran bugu na gasarsa sau takwas, ya tara bugu 3,141, bai rabu da turke ba har ya yi ritaya. Shi ne kuma ya shahara da naɗar wasanninsa a kaset na bidiyo tun 1983 yana bin diddigin saransa.

Akwai jifan kusa, inda koci ke durƙusawa a gefe ko bayan raga yana lallaɓo ƙwallo a hankali, don a haɗa sara da lokaci. Akwai saran hannu ɗaya da gajeren kulki, mai tona asirin hannun da ke ha'inci. Akwai atisayen shinge, na yaron da ke watsa hannuwansa waje tun farkon sara: a tsayar da shi dab da ragar waya, in ya watsa hannu kulki ya daki ragar, in ya riƙe su kusa da jiki kulki ya wuce lafiya. Kamar takardar Arakawa, shingen ne malamin.

Tun 2015, da babbar gasar Amurka ta kafa na'urorin Statcast a dukkan filayenta, ana auna gudun ƙwallo bayan bugu da kusurwar da ta tashi. Alƙaluman sun gaskata Williams a kan abu guda: yawancin hom-ron suna tashi ne a kusurwar da ke tsakanin digiri 25 da 35. J.D. Martinez, wanda Houston Astros ta sallama a Maris na 2014, ya sake gina saransa a hannun masu horarwa masu zaman kansu, ya buga hom-ron 45 a 2017. Sai dai wannan ilimi ya zo da nasa haɗarin. Yaro ɗan shekara goma da ba shi da ƙarfin kai ƙwallo katanga, idan ya dage sai ya ɗaga ta sama, abin da zai samu shi ne ƙwallo ta faɗa hannun mai tsaron fili.

Inda atisaye ke tsayawa

Masu horarwa suna da wani suna na zolaya ga ɗan wasan da ke burgewa a wajen atisaye amma ya ɓace idan an fara wasa: gwanin ƙarfe biyar, wato lokacin ɗumama jiki kafin wasan dare. Dalilin samuwar irinsa ya fito fili a wani bincike da aka wallafa a 1994. An ɗauki 'yan wasan wata jami'a a jihar Kalifoniya aka ƙara musu atisaye sau biyu a mako har mako shida, jifa 45 a kowane zama. Rukuni ɗaya ana jefa musu iri ɗaya sau 15 a jere, sannan a sauya zuwa wani iri. Ɗaya rukunin kuma a cakuɗe ake jefa musu, ba su san abin da ke tafe ba. A gwajin ƙarshe, bugun 'yan cakuɗe ya ƙaru da kusan kashi 57 cikin ɗari, na 'yan jere kuwa kusan kashi 25. Wanda ya san abin da ke zuwa hannunsa kawai yake horarwa. Wanda bai sani ba yana horar da ido da shawara tare da hannun.

Muhimmancin ido ya bayyana a 2004, lokacin da Jennie Finch, tauraruwar wasan sofbol na mata, ta fuskanci manyan masu bugu irin su Albert Pujols. Ƙwallonta ta fi tasu girma, gudunta bai kai na jifan da suka saba ba, amma suka kasa taɓa ta. Ta ƙasa take wulwulo hannu, su kuwa duk alamomin da suka haddace na kafaɗa da hannun mai jifa ta sama ne. Da aka ɗauke musu alamomin, kyawun saransu bai amfane su ba.

A Jamhuriyar Dominika, ƙasar da ta fi kowace ƙasar waje yawan 'yan wasa a babbar gasar Amurka, titi ne ke ba da wannan horo. Yara suna wasan da ake kira vitilla, da sandar tsintsiya da murfin babbar gorar ruwa. Murfin yana shawagi yana karkacewa yadda ya ga dama, sandar kuma siririya ce. Babu mai yi wa kowa bayanin ƙugu ko kafaɗa. Wanda ya kuskure ya ba na baya wuri.

Binciken Gabriele Wulf ta Jami'ar Nevada da na wasu masana motsa jiki ya ƙara wani abu game da harshen koci. Umarnin da ke kai hankali waje, kamar a ce wa yaro ya tura ƙwallo ta saman kan mai jifa, yakan fi umarnin da ke mayar da hankali kan gaɓoɓi, irin su ɗaga gwiwar hannu ko juya ƙugu. Uban da ke bakin fili yana kwarara wa ɗansa gyara biyar a lokaci guda yana ɗaure shi ne kawai.

Akwai kuma abubuwan da ke kama da matsalar sara alhali tushensu daban. Kulkin da ya fi ƙarfin yaro zai sa shi ja da kafaɗa, ko wane atisaye aka ba shi. Yaron da ke janye ƙafar gaba zuwa gefe sau da yawa tsoron ƙwallo ne ke damunsa, maganinsa kuma a fara da ƙwallo mai laushi. Likitocin wasanni suna gargaɗi cewa yawan juya ƙugu ba hutu yana iya tsaga ƙashin ƙasan baya ga yaron da bai gama girma ba, don haka ɗaruruwan saran da Oh ya yi yana ɗan shekara 22 ba ma'auni ba ne ga ɗan firamare.

Riga ɗaya ba ta shiga kowa

Ichiro Suzuki ya taso yana atisaye kullum da mahaifinsa tun yana ɗan shekara bakwai, ya fito da wani salo na lilo da ƙafar gaba. Shugabannin ƙungiyarsa ta Orix ba su so salon ba, ya ƙi canzawa, aka bar shi yawancin shekara biyu a ƙaramar ƙungiya. Da sabon manaja Akira Ogi ya zo a 1994 ya ƙyale shi da abinsa, Ichiro ya sami bugu 210 a kakar, adadin da ba a taɓa gani ba a Japan. Bayan shekara goma ya kafa tarihi a Amurka da 262.

Ita kanta tsayuwar zalɓe ta fuskanci irin wannan gwaji. Lokacin da Oh ya zama manajan Giants a 1984, akwai wani dogon matashi mai bugu ta hagu a ƙungiyar, Norihiro Komada, wanda ake ganin zai gaje shi. Aka tura shi wajen Arakawa ya koyi ƙafa ɗaya. Malami ɗaya, darasi ɗaya, amma abin bai karɓe shi ba, bugunsa ya ja baya. Komada ya ajiye salon, ya sauke ƙafarsa ƙasa ya nemi nasa. Ya yi ritaya a shekarar 2000 da bugu 2,006.